Gajeriyar bindiga, doguwar wuta

Ranar 14 ga Nuwamba, 2009, gobara ta tashi a wani ɗakin koyon harbi da ke saman bene a unguwar kasuwar Gukje, cikin birnin Busan na Koriya ta Kudu. Mutum 15 suka rasu, 10 daga cikinsu 'yan yawon buɗe ido ne daga Japan. Dokar ƙasarsu ba ta yarda farar hula ya mallaki ƙaramar bindiga ba, shi ya sa idan sun tsallaka teku zuwa Busan sukan biya kuɗi su ɗana, su ji yadda abin yake. Wuta da hayaƙi ne suka yi ajalinsu. Abin da masu bincike suka gano shi ne burbushin albarushin da bai gama ci ba ya daɗe yana taruwa a ɗakin, a daɓe da kuma jikin soson da aka manna wa bango don ya shanye ƙara. Ana tsakiyar harbi wuta ta taɓa wannan burbushi, kafin a ce kwabo ta game ɗakin. Daga baya aka gurfanar da mai wurin da manajansa a kotu saboda sakaci.

Duk inda ake muhawara kan bindiga, a nan ko a ƙasashen waje, ido yana kan harsashi: wa ya harba, wa aka samu, nisan mita nawa yake ci. Wutar da ke biyo bayan harsashin kuwa, ado ake ɗaukarta. Za ka ga matashi ya tsayar da bidiyo a waya daidai lokacin da harshen wuta ya fito daga bakin bindiga, ya yaɗa hoton, jama'a su yi ta cewa lalle wannan tana da ƙarfi. Ni a ganina wannan wuta asara ce ga mai harbi, haɗari ce kuma mai zaman kanta ga duk abin da ke kusa da shi, sannan gwargwadon yadda aka rage tsawon bututun bindiga gwargwadon yadda take ƙaruwa. Hukumar da ta ɗauki makami ta danƙa wa mutum da sunan kare jama'a, ba ta nuna masa wuraren da jan kunama zai iya zama gobara ba, rabin aikinta ta yi.

Harsashin zamani kwanso ne da aka cika da albarushi marar hayaƙi, jikan wanda Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa a 1884, aka toshe bakinsa da kai na dalma ko na ƙarfe. Da an ja kunama albarushin ya kama, ya koma iska mai tsananin zafi da matsi, ita ce ke ingiza kan harsashin cikin bututu. Tafiyar daga farko har fita ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Masu ƙera harsashi suna auna yawan albarushi da saurin cinsa ne daidai da tsawon bututun da suka yi masa. Idan bututun ya kai, iskar takan sauke yawancin ƙarfinta a bayan harsashi, ta ɗan huce kafin ta fito sarari. Idan aka gajarta shi, harsashi ya riga ya fice alhali iskar tana kan ganiyarta, wasu ƙwayoyin albarushin ma ko rabi ba su ci ba. Likitocin da ke binciken gawa sun daɗe da sanin haka, domin da tabon waɗannan ƙwayoyi a fata, da baƙin hayaƙi ko babbakar tufafi, suke ƙiyasta tazarar da aka yi harbi.

Babbar ƙwallon wutar da ake gani kuwa, yawancinta ba ƙwayoyin albarushin ne ke ci ba. Albarushi marar hayaƙi ba ya ɗauke da isasshen oksijin da zai ƙone kansa ƙurmus, saboda haka iskar da ke fitowa cike take da gas mai kamawa, haidurojin da kabon monoksaid. Tana fita ta gauraya da iskar waje, in zafinta ya kai, sai ta sake kamawa a fili, 'yar tazara gaban bakin bindigar. Wanda ya taɓa fifita murhun da ya turnuƙe ya san wannan: hayaƙi mai kauri na tashi babu harshe, iska na shiga sai ya yi fuu, ya kama a saman itacen. Gajeren bututu yana sakin gas ɗin da zafinsa da matsinsa, shi ya sa wannan kamawa ta biyu ta fi yawa a wurinsa, ta kuma fi girma.

A ɗauki misali daga gidan Kalashnikov, tunda shi muka fi sani. AK-74 tana da bututu mai tsawon milimita 415, kamar AK-47, kuma harsashinta yana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa. A 1979 Tarayyar Sobiyat ta karɓi 'yar gajeriyar ƙanwarta, AKS-74U, don direbobin tankokin yaƙi da masu aiki a wurare matsattsu. Bututunta milimita 206 ne da ɗan abin da ba a rasa ba, rabin na yayarta ke nan. Harsashi ɗaya suke ci, amma a gajeriyar gudunsa ya sauko zuwa kusan mita 735 a daƙiƙa. Ƙarfin da ya ɓace bai tafi ko'ina ba, a bakin bindigar yake zubewa, ya zama wuta da ƙara. Dole ta sa masu ƙirar suka ɗaura mata wani ɗan kumburarren ƙarfe a baki, inda gas zai ɗan sake kafin ya fito, ya kuma taimaka wa bindigar ta ɗora wani harsashin.

Sojojin duniya ba yau suka fara cin karo da wannan ba. Lokacin da Ingila ta gajarta bindigarta Lee-Enfield a 1944 don yaƙin daji, sai da ta sa mata mazurari a baki saboda walƙiyar ta yi yawa. Amurka ma da ta datse M16, mai bututun inci 20, ta fitar da XM177 a yaƙin Biyetnam da bututun inci 10 zuwa 11 da rabi, sai da ta ƙara mata wani dogon ƙarfe a baki don rage wuta da ƙara. Har cikin albarushin soja ana zuba gishirin fotasiyam don ya hana gas ɗin sake kamawa, ko da yake hakan na ƙara hayaƙi. Su ba gobara ce ta fi damunsu ba. Walƙiya tana tona asirin inda soja yake, tana kuma kashe masa ido da dare, kuma ido in ya saba da duhu aka haske shi, yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya koma daidai sosai. Ɗan sintirin da ke alfahari da bindigarsa na aman wuta ya sani cewa bayan harbin farko shi ne makaho a wurin, kuma kowa ya ga inda yake tsaye.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Akwai masu ɗora wa walƙiyar bakin bindiga alhakin duk wutar dajin da ta tashi a wurin harbi, kuma hujja ba ta tare da su. Walƙiyar bindigar zamani 'yan kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa take yi ta mutu, ba ta kuma wuce ɗan gaban mai harbi. Da wuya ta kunna ciyawar da ba a jikin bakin bindigar take ba. A yammacin Amurka, inda harbin gwaji a daji yake tayar da gobara kusan kowane rani, laifin yakan faɗa ne can inda harsashi ya sauka. A 2013 masu bincike na hukumar gandun dajin ƙasar, a ɗakin gwajinsu na Missoula da ke jihar Montana, suka riƙa harbin farantin ƙarfe da harsasai iri-iri, da busasshen abin kamawa shimfiɗe a ƙasa. Suka tarar ɓarɓashin harsashi bayan ya tarwatse zafinsa kan iya haura digiri 800 a ma'aunin Selshiyas, kuma harsashi mai zuciyar ƙarfe da na jan ƙarfe zalla sun fi mai dalma saurin tayar da wuta. Gobarar Lake Christine ta watan Yulin 2018 a jihar Kolorado, wadda ta cinye sama da hekta 5,000 da gidaje uku, harsashi mai haske ne ya tayar da ita, irin wanda ke ci da wuta a gindinsa yana tafiya don a ga hanyarsa. Shi ya sa idan rani ya yi tsanani hukumomin filayen gwamnati a can sukan haramta irin waɗannan harsasai da abubuwan saiti masu fashewa, wato waɗanda ake kafawa a harba don gwada saiti, ba tsawon bututu suke aunawa ba.

To ina haɗarin gajeriyar bindiga yake? Yana cikin taku biyu ko uku da ke kewaye da mai harbi. Maganar ba girman wutar ba ce kaɗai, maganar me ke jiranta a wajen. Kuma ita gajeriyar bindiga an yi ta ne musamman don wuraren da abin kamawa ya fi yawa: cikin mota, cikin ɗaki, lungu, rumfar kasuwa. Doguwar bindiga idan aka harba ta tagar mota, bakinta yana waje. Gajeriya kuwa bakinta yana ciki, tsakanin soson kujera da labule da jarkar man da direba ya ajiye don doguwar tafiya. Libarba ma tana da nata: tsakanin gangar da ke juyawa da bututu akwai 'yar kafa, ta nan wuta ke fesowa gefe, har takan ƙona yatsan wanda bai iya riƙo ba. Mafi muni a duka shi ne harsashin babbar bindiga a gajeren bututu, domin albarushinsa ya fi yawa, ya kuma fi jinkirin ci. Na ƙaramar bindiga kaɗan ne mai saurin ci, amma abin da ya faru a Busan ya nuna cewa ɗan kaɗan ɗin da ke zuba a kowane harbi, in aka bar shi wata da watanni, ya isa. Duk wanda zai gina ɗakin koyon harbi, a bariki ko na kasuwanci, wajibi ne ya san cewa ba a share irin wannan ɗaki da busasshiyar tsintsiya, ba a kuma zuƙe ƙurarsa da injin shara na gida, wanda tartsatsin cikinsa zai iya kunna ta. Da jiƙa ake gogewa, ko da injin da aka ƙera don ƙura mai fashewa, a kuma guji manna soso mai cin wuta a bango.

Wurin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda fetur ya zuba. Finafinai sun koya mana cewa in harsashi ya huda tanki sai fashewa, alhali cikin rufaffen tankin fetur tururin yakan yi kauri har ya rasa iskar da zai kama da ita. Tururin fetur yana kamawa ne idan yana tsakanin kusan kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iska, wato ba a tsakiyar man ba, a gefe-gefensa, inda ya gauraya da iskar waje. Ya kuma fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake ya bi ƙasa, ya gangara kwata, ya taru a kwari. Abin da zai kunna shi bai taka kara ya karya ba. Ɗan tartsatsin da kake ji a yatsa lokacin hunturu idan ka taɓa ƙofar mota ya fi ƙarfin abin da ake buƙata.

Mun ga abin da wannan tururi yake yi. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, daren 15 ga Oktoba, 2024, sama da mutum 150 suka ƙone bayan tankar mai ta faɗi. A mahaɗar Dikko ta jihar Neja, 18 ga Janairu, 2025, sama da 80. Ba ina cewa bindiga ce ta tayar da waɗannan ba. A Dikko janareto rahotanni suka ambata, wanda aka kunna don kwashe man zuwa wata tankar. Abin da nake nufi shi ne a dubi inda jami'in tsaro yake tsayawa a irin wannan wuri. A bakin da'irar yake, tsakanin man da ya malale da masu bokitai, daidai inda tururi da iska suka haɗu. Mutane sun ƙi jin magana, suna ta kutsawa, shi kuma abin da ya saba da shi na tarwatsa taro shi ne ya ɗaga bindiga sama ya saki harbi biyu ko uku. Niyyarsa ta alheri ce, ceton rai yake so ya yi. Amma ya buɗe wuta tsirara a wurin da ko ashana ba a yarda a ƙyasta ba. Haka nan a layin gidan mai lokacin ƙarancin fetur, da bakin titi inda 'yan bumburutu ke jera jarkoki da mazurari, da shagon da ake ɗura gas ɗin girki. Kamata ya yi ya zama doka a rubuce, wadda kowane kurtu zai haddace tun a makarantar horo: inda hancinka ya ji warin fetur ko gas, yatsanka ya bar kunama, sai fa in rai ne kai tsaye yake cikin haɗari. A tsayar da zirga-zirga daga nesa, a yi amfani da lasifika da igiya da masu unguwanni, a tsaya ta inda iska ke busowa.

Akwai kuma bindigar da ta fi duk waɗannan aman wuta, kuma ita ce ta fi yawa a ƙauyukanmu: bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki. Baƙin albarushi irin na da, idan ya ci, fiye da rabin abin da ya bari ba iska ba ce, gari ne da tartsatsi, shi ke fitowa ja wur ya watsu. Ka tsaya kusa da 'yan bindiga ranar hawa ka kalli yadda suke yi. Mutum ya tsayar da ita a ƙasa, ya kwarara albarushi ta baki, ya cusa tsumma ko takarda, ya danna da sandar ƙarfe har ta zauna, ya ɗaga ya saki. Ƙara ta girgiza ƙirji, dawakai su zabura, farin hayaƙi mai warin farar wuta ya lulluɓe layin. Babu harsashi a ciki, don haka kowa hankalinsa kwance. Amma bi tsumman nan da ido. Yakan faɗi taku kaɗan a gaba, baƙi, gefensa na ci a hankali, wani siririn hayaƙi na tashi. A kan turɓayar filin hawa kofato zai take shi ya mutu. A kan jinka, ko darni, ko tarin harawar da aka ɗora a saman rumfa, zai iya yin minti da yawa yana ci ba wanda ya lura, sai an watse iska ta hura shi. Idan kuma maƙeri ya gajarta bututun don ta shige ƙarƙashin riga, irin harba-ka-rugan da 'yan sanda ke bajewa idan suna holin masu laifi, abin da ke fitowa yana ci sai ya ƙaru.

Ban ce a hana harbin hawan Sallah ba, kuma ba zan goyi bayan mai cewa haka ba. Amma a duba kalanda. Watan Musulunci yana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallah ta 2025 ta faɗo a ƙarshen Maris, ta 2030 za ta zo a farkon Fabrairu, ta 2033 a farkon Janairu, tsakiyar hunturu. Babbar Sallah ma tana ficewa daga damina, nan da 2030 tana cikin Afrilu. Ke nan shekarun da ke tafe duk hawan da za a yi, da bukukuwan aure da naɗin sarauta da ake tarawa bayan kaka, za su faɗo ne lokacin da kara da karmami da zana suka bushe ƙayau, iska kuma tana kaɗawa. Tsofaffin maharba sun san wannan, shi ya sa za ka ga mai hankalinsu bayan ya harba yana bin inda tsumma ya faɗa ya murje shi da ƙafa. Abin da ake buƙata daga Sarkin Bindiga na kowace masarauta bai fi ya mayar da wannan ɗabi'a ƙa'ida ba: a keɓe wurin harbi nesa da rumfunan kara da masu sayar da mai, a hana buɗe gorar albarushi kusa da wanda ke harbi, a sa yara biyu ko uku masu ruwa su bi bayan ayari.

Doka ta taɓo gajeriyar bindiga, amma ta wata ƙofa daban. Dokar makamai ta Amurka ta 1934 ta ɗora rajista da harajin dala 200 kan gajerun bindigogi, kuma iyakar da aka tsaya a kai ita ce inci 16 ga bindigar harsashi ɗaya, inci 18 ga ta farauta mai watsa dalma. A Ingila iyakar ta farauta inci 24 ce. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana a datse bututun bindigar farauta ya gaza inci 20, ta kuma hana mallakar wadda aka datse. Duk waɗannan tsoron ɓoyo ne ya haife su, kada ɗan fashi ya soke makami a cikin riga. Babu wadda aka rubuta da gobara a zuciya. Ga wanda doka ta ba izinin riƙe makami kuwa, jami'i ko ɗan sa-kai, ba ta da abin cewa kan inda wutar bakin bindigarsa za ta sauka.

Wannan giɓi ya fi muhimmanci yanzu fiye da shekaru ashirin da suka wuce, saboda yawan masu riƙe da bindiga da sunan hukuma ya ƙaru. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaronta ta al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024, ban da 'yan banga da mafarautan da garuruwa ke ɗauka da kansu. Waɗannan mutane ba a sansanin soja suke aiki ba. Cikin gari suke, tsakanin rumbuna da garken dabbobi, kan babur mai tankin mai tsakanin cinyoyi, sau da yawa da galan ɗin fetur ɗaure a baya. Mai tafiya kan babur kuwa, dogon bututu yana damunsa, yana saƙalewa a reshe, yana dukan bayan wanda ya goya, kuma zarto ba ya tsada.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ana kashe mutane da harsashi kullum, ana kwashe ƙauye guda a shiga da shi daji, kai kana maganar tartsatsi. Gaskiya ne gobarar bakin bindiga ba ta kama ƙafar abin da harsashi ke yi ba, kuma wanda aka kawo wa hari cikin dare ba zai tsaya duba ko akwai harawa kusa ba. Amma yawancin harbin da ake yi ba na kare rai ba ne. Na gargaɗi ne, na murna, na gwaji, na tsoratarwa, na nuna isa. A duk waɗannan mai harbi yana da lokacin da zai duba gabansa da samansa, kuma koya masa hakan ba ya cin ko sisi, awa ɗaya ce a cikin horo. Rumbu ɗaya kuwa abincin gida ne na shekara, kuma garin da ya ƙone da hunturu ba ya tambaya ko ɗan ta'adda ne ya cinna masa ko mai gadinsa.

Za a kuma ce gajeriyar bindiga tana da amfaninta, in ba haka ba da manyan rundunonin duniya ba su koma mata ba. Haka ne. Sojan Amurka ya bar M16 ya koma M4 mai bututun inci 14 da rabi, dakarunsa na musamman ma suna riƙe mai inci 10 da ɗoriya. Amma sun biya kuɗin wannan sauƙi: maganin walƙiya a bakin kowace bindiga, na'urar rage ƙara ga masu shiga ɗakuna, albarushin da aka gyara don gajeren bututu, da horo mai tsawo. Wanda ya sa zarto ya yanke bututu a bayan gida ya ɗauki gajartar ya bar duk sauran. Ya rage wa harsashinsa gudu, ya ɓata saiti, ya kusantar da ƙarar da ke kurmantar da kunne zuwa fuskarsa, ya kuma mayar da makaminsa abin feshin wuta. Shugaban 'yan sintirin da ya ga haka a hannun yaronsa ya karɓe, ko da doka ba ta ce komai ba, balle ta ce.

Abin da nake ganin zai sa hukumomi su ɗauki maganar da gaske shi ne biyan diyya. A Afrilun 2017 wani jami'in tsaron iyakar Amurka, ranar hutunsa, ya harbi wani abin saiti mai fashewa a jihar Arizona, a bikin sanar da jinsin jaririn da matarsa za ta haifa. Wutar ta cinye kusan hekta 19,000. Kotu ba ta tsaya kan cewa bai yi da gangan ba, ta ɗora masa biyan sama da dala miliyan 8, wanda kowa ya san ba zai iya gamawa ba, amma zai yi ta biya kowane wata. A wurinmu in rumfa ta ƙone bayan harbi, abin da aka fi ji shi ne tsautsayi ne, Allah ya mayar da alheri, mai rumfa ya koma cin bashi. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta taɓa ɗauke lamuni daga kan wanda ya yi sakaci da dukiyar wani ba, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncin wanda ya kunna wuta ranar iska ta tsallaka gonar maƙwabci. Idan harbin jami'i ko na ɗan sa-kai da gwamnati ta ɗauka ya tayar da gobara ba tare da larurar kare rai ba, hukumar da ta ba shi bindigar ta biya mai dukiya daga kasafinta, hukumar kashe gobara ta jiha kuma ta riƙa rubuta harbi a jerin musabbabai a rahotonta, kamar yadda take rubuta wutar lantarki da gas da kyandir.